Tsohuwar Land Rover: Gara a ƙera dashbod a gida

Duk mai tsohuwar Land Rover Series III ya san ciwon kan dashbod. A 1971 kamfanin ya bar na ƙarfe ya koma na roba, ya kuma ɗauke agogunan daga tsakiya zuwa gaban direba. Robar nan ba ta jure zafin ranarmu, tsagewa take yi.

An daina ƙera samfurin a 1985. Ke nan duk na gwanjon da za a tono a Kofar Ruwa ta Kano ya kai shekara 40, shi ma ya sha rana. Na Ingila kuwa da fam ake biya, ga kuɗin dako.

A ganina, gara a nufi maƙera irin na Panteka a Kaduna. A fitar da awon a kwali, a yanka alminiyam, a huda gurbin agogon gudu da na mai.

Sai dai kada a yi rowa wajen wayoyi. Ƙarfe na ɗaukar lantarki, kuma bakin ramin da ba a sa wa zoben roba ba yana iya yanke waya ya tayar da gobara. A nemi ƙwararren mai gyaran wuta, kowane layi ya bi ta fiyus.