Fitilar Babur Ɗinka Na Ɗaukewa Tana Dawowa? Daina Sayen Ƙwai, Nemo Inda Waya Ta Saki

A daminar bara na sayi ƙwan fitila har sau uku cikin wata guda. Fitilar gaban babur ɗina takan ɗauke ina cikin tafiya, bayan daƙiƙa biyu ko uku ta dawo da kanta kamar ba abin da ya faru. Duk sanda na kai wa makanike sai ta kama ras, ta ƙi nuna halinta. Shi kuma sai ya ce, "Oga, ƙwan ne ya gaji," ya canza wani. A zuwa na huɗu ya ce batir ne, na sayi batir. A daren da aka sa sabon batir ɗin na faɗa wani ɗan rami a hanyar gida, fitila ta mutu, saura ƙiris in hau wani ɗan garuwa da ke tura kurarsa a gefen titi.

Daga baya na gano mai laifin: wani ɗan noti ne da ke ɗaure waya a jikin ƙarfen babur ya saki, tsatsa kuma ta ci wajen. Kuɗin gyaran bai kai na katin waya ba.

Ra'ayina ke nan a taƙaice. Idan wuta tana ɗaukewa tana dawowa, yawanci ba wani abu ne ya mutu ba, wani wuri ne ya saki. Ƙwan da zarensa ya tsinke gaba ɗaya ya tafi ke nan, haka fiyus ɗin da ya ƙone. Abin da ke tafiya ya dawo, alamar mahaɗa ce da ba ta kama sosai ba. Don haka canza kaya ɗaya bayan ɗaya caca ce, kuma mu da ke riƙe da wayoyin zamani ba mu da hujjar ci gaba da yin ta.

Wannan ba ƙaramar matsala ba ce

Wasu na ɗaukar abin da wasa tunda "ai tana dawowa." Mu yi lissafi. Mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Idan fitila ta ɗauke na daƙiƙa biyu, ka yi tafiyar sama da mita 30 a makance. Ba kai kaɗai ne ba ka gani ba, mai motar da ke tahowa ma bai gan ka ba. Ni a wajena fitilar da ta mutu murus ta fi wannan sauƙi, domin mai ita ya san ba shi da wuta, ba zai fita da dare ba. Mai ɗaukewa tana dawowa ita ce ke yaudararka har ka kai tsakiyar titi.

Yadda wutar take zagayawa

Yawancin baburan da muke hawa a kan tsarin volt 12 suke aiki. Wuta takan taso daga batir ko daga koyil ɗin cikin inji, ta bi ta fiyus, ta makulli, ta maɓallin da ke hannunka, ta shiga ƙwai, sannan ta koma. Wannan komawar ce mutane ke mantawa. Tana bi ne ta wata waya da ake ɗaure wa jikin ƙarfen babur. A baburan Honda da masu bin tsarinsu wayar koriya ce, a na Yamaha kuwa baƙa. Duk inda zagayen ya sami tangarɗa, ko a hanyar zuwa ko a ta komawa, fitila za ta yi ƙyaf-ƙyaf.

Akwai kuma abin da ya kamata ka sani kafin ka zargi kowa. A ƙananan babura da yawa fitilar gaba ba daga batir take shan wuta ba, daga koyil take sha kai tsaye. Gwajin mai sauƙi ne: murɗa makulli kar ka tayar da inji. Idan fitilar ba ta kama ba sai inji ya tashi, galibi irin wannan ne naka. A irinsa, haske ya ragu idan ka tsaya ya ƙaru idan ka ja wuta, halinsa ne. Kuma ka ga a nan sabon batir ba zai gyara maka fitilar gaba ba. Da na san haka da kuɗina sun huta.

Wayar hannunka ita ce shaidarka

Babbar wahalar irin wannan matsala ita ce ba ta bayyana a gaban mai gyara. To ka kai masa ita a bidiyo. Ka kafe babur da dare yana fuskantar bango, ka jingine wayarka tana ɗauka, ka tayar da inji. Sai ka juya kan babur hagu da dama har ƙarshe, ka bubbuga gidan fitila, ka girgiza damin wayoyin da ke bayanta, ka sauya daga doguwar wuta zuwa gajera, ka taka burki, ka kunna sigina. Kowane mataki ka faɗe shi da baki don ya shiga bidiyon. Kada ka yi wannan kana tuƙi.

A manhajar rubutu ta wayarka kuma ka riƙa ajiye lokacin da abin ke faruwa, domin kowane yanayi da inda yake nunawa. Idan sai ka juya kan babur take ɗaukewa, duba wayoyin wuyan babur, nan ne suke lanƙwasawa kullum har jan ƙarfen ciki ya karye alhali robar waje lafiya lau. Idan a kan gargada ne, soket ne ya saki ko mazaunin ƙwai. Idan bayan ruwan sama ko wanki ne, danshi ne ya shiga mahaɗa. Idan wajen sauya doguwa da gajera ne, ƙura ko tsatsa ce a cikin maɓallin. Idan kuwa ka kunna sigina sai fitilar baya ta kama ƙyaftawa tare da ita, kusan kullum wayar komawa ce ba ta kama ba, sai wutar ta nemi hanya ta cikin wani ƙwan.

Sayi mita, ba ta fi ƙarfinka ba

Na'urar awon wuta, wato maltimita, ana samunta a shagunan kayan lantarki da wajen masu kayan gyaran waya. Murɗa ta zuwa 20 a ɓangaren DC, ka ɗora jan tsinke a kan alamar tarawa ta batir, baƙin a kan ta ragewa. Lafiyayyen batir da ya cika yakan nuna kusan 12.6 idan inji na kashe. Ka tayar ka ɗan ja wuta, ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5. Idan ya haura 15, to rektifaya mai daidaita wuta ce ta lalace, kuma ita ce ke cinye maka ƙwai. Idan lambar ba ta motsa ba ko kaɗan, batir ba ya samun caji.

Ga mai fitilar da ke sha daga batir, akwai ƙarin gwaji. Fitila na kunne, ka sa baƙin tsinke a ragewar batir, jan kuma a wayar komawa ta mazaunin ƙwai. Ya kamata ka ga lamba dab da sifili. Idan ta kai rabin volt, akwai datti ko saki a hanyar. Kwance notin, goge wajen da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, mayar ka ɗaure tamau.

Mu ma da laifinmu

A nan zan taɓa mu matasa. Rabin waɗannan matsaloli mu muke sayo su da kuɗinmu: cajar waya ta USB, fitilun LED masu launi, ƙaramar sifika, hon mai ƙarar tirela. Ba sa su ne laifi ba, yadda ake sa su ne. A fere waya da reza, a murɗa wata a kai, a naɗe da baƙin salatif. Zafin rana ya narkar da gam ɗin, girgiza ta sassauta murɗin, damina ta ƙarasa aikin. Ƙwan gaba mai watt 35 kaɗai yana jan kusan amp 3, ka ga siririyar wayar da aka yi dominsa ba ta da wurin ɗaukar baƙi uku. Haka kuma ƙwan LED da aka yi don wutar batir, idan aka sa shi a babur mai shan koyil kai tsaye, zai yi ta rawa ko ya mutu da wuri. In za ka ƙara kaya, a ja masa wayarsa da fiyus ɗinsa, a yi masa dalma ko a sa soket na gaske. Fiyus kuwa idan ya ƙone, a sa mai lamba irin tasa. Maye gurbinsa da zaren waya ko takardar kwalin sigari neman gobara ne a ƙarƙashin tankin mai.

"Ai ni ba makanike ba ne"

Na san wani zai faɗi haka, kuma da gaskiyarsa. Akwai aikin da ba naka ba: koyil ɗin da ke yankewa idan inji ya yi zafi, ko damin wayoyin da ya ƙone, sai mai sana'a. Ba kuma ina cewa makanikai macuta ne ba. Mutumin da ka kawo wa babur fitila na ci lafiya, ga layin mutane na jiransa, me kake so ya yi in ba ya canza abin da ya fi saurin canzawa ba? Amma ka je masa da bidiyo ka ce, "Maigida, duba, duk sanda na juya hagu take ɗaukewa, kuma batir na nuna 12.6," ka rage masa aikin awa biyu zuwa minti goma, ka kuma rufe ƙofar sayen abin da bai lalace ba.

Idan wayarka ta ƙi caji, ba ka zuwa sayen sabuwa sai ka gwada wata igiyar, ka hure ramin caji, ka canza soket. Wannan tunanin kawai nake roƙo ka yi wa babur ɗinka. Yau da magariba, kafin ka fita, kafe shi gaban bango ka juya kansa hagu da dama. Idan hasken ya ko ƙyafta sau ɗaya, ajiye shi ka hau a-daidaita, gobe da safe ka nemo inda ya saki.