A Duba Takarda Kafin a Duba Fenti

Malam Edita,

Ina kira ga iyalan da ke shirin sayen gida su fara bincikar takardunsa kafin fenti da tayil su ɗauke musu hankali. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, kuma cinikin gida mai takardar mallaka ba ya kammala sai da amincewarsa. Wasu za su ce shaidar mai unguwa da dillali ta wadatar, zuwa KANGIS, hukumar da ke adana bayanan filaye a Kano, kuwa ɓata kuɗi da lokaci ne. Lalle akwai jinkiri, amma ba dole ne mai unguwa ya san an jinginar da gidan a banki ba. In kuma na gado ne, magaji ɗaya da bai sa hannu ba zai iya maka mai saye a kotu bayan iyali sun tare.

Naku,
Mai karatu daga Kano