Kafin ka sayi gida a sabuwar unguwa, karanta wannan

Ƴan'uwa na bakin iyaka, daga Ƙonni zuwa Ɗan Isa, daga Madarunfa zuwa Magariya.

Aikina a jam'iyya fassara ne. A kawo takarda da Faransanci, in mayar da ita Hausa. Shi ya sa mutanen unguwa suka mai da ni mai karanta musu takardu, kuma a shekarun nan ba takardar da ake yawan kawo mini kamar ta fili da ta gida. Wannan karon na roƙi a ba ni shafi ɗaya in yi magana da bakina.

Ɗan'uwa, na san abin da ke ranka. Ka gaji da haya, ko kuma gidan gado ya yi muku kaɗan, kai da ƙannenka da iyalanku. Ka fita bayan gari ka ga inda ake noman hatsi jiya yau an kafa duwatsun siminti layi-layi, ga allo da hoton gida mai fenti da itatuwa, an ce ka ba da kafin alƙalami, saura ka biya wata-wata. Son mallakar gida ba laifi ba ne, ni ma ina so. Amma kafin ka sayar da sa ko ka taɓa jarin Hajiya, zauna mu duba.

Fara da takarda, don nan aka fi cin mutane. Takardun iri uku ne, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba. Akwai takardar ciniki mai hatimin mai gari da sa hannun shaidu. Tana da amfani ga gona, kuma tun dokar karkara ta 1993 akwai kwamitocin ƙasa, waɗanda ake kira Kofo, da ke tabbatar da irin wannan ciniki. Sai dai ba ita ke mai da gona filin gini ba. Akwai akt da sesiyo, wadda ma'aikatar magajin gari ke bayarwa bayan an yanka wuri bisa ƙa'ida, da lambar rukuni da lambar fili a kai. Sai babbarsu, titir fonsiye, wadda ke fitowa daga ofishin kula da filaye na gwamnati. Tun 2006 aka fito da hanya mai sauƙi ta samunta, har aka raɗa mata sunan Hausa, Sheda. Rasit ɗin da kamfani ya rubuta maka ba ya cikin ukun nan. Rasit shaida ce cewa ka ba da kuɗi, ba shaida ba ce cewa ƙasar taka ce.

Yayana direban babbar mota ne. Shekara biyu yana biya wa wani mai yankan filaye, ba zan faɗi sunansa ko garin ba. Ranar da ya kai yashi da bulo, sai ya tarar wani bawan Allah ya riga ya tona tushe. Kowa ya fito da takardarsa, lamba ɗaya, sa hannu ɗaya. Ana cikin haka ƴaƴan mai gonar suka zo, suka ce babban wansu ne ya sayar ba da saninsu ba, gadon ma ba a raba ba. Ni na karanta takardar yayana tun farko, na ce masa ta yi kyau, don Faransancinta ba kuskure. Ban aike shi ya duba rajista ba. Har yau in muka zauna cin tuwo ina jin nauyin wannan. Bulon na nan ya zama wurin kwanan awaki, magana na gaban alƙali.

To kai kada ka tsaya ga kyan rubutu. Ka ce a nuna maka taswirar wurin da hatimin hukumar tsara birane. Ka je da kanka ma'aikatar magajin gari a buɗe rajista, ka ga sunan wa ke gaban lambar. Ka ɗauki ma'aunin ƙasa ya nuna maka duwatsun kusurwa huɗu. In gida ne ginanne kamfani ke sayarwa, ka tambayi da sunan wa takardar ƙasar take, kuma ko an jinginar da ita a banki. Wanda ya ce maka "Alhaji, yi sauri, saura biyu", ka bar masa biyun.

Sai ruwa. Da hunturu ko'ina ƙasa busasshiya ce, kowane fili kyakkyawa ne. Dillali ba zai kai ka a watan Agusta ba. Tsofaffin Maraɗi sun san cewa garin a ƙasa yake da, kusa da Gulbi, sai da ambaliyar 1945 ta cinye shi aka hau tudu. Kakanninmu sun gudu daga kwari, mu kuma ana yanka mana kwari ana sayar mana. Kun ga daminar 2020: a Yamai kogin Kwara ya fasa madatsa ya shiga Lamorde da Saga, a jihar Maraɗi gidajen ƙasa sun zube ba adadi. Ka duba bangon maƙwabta ko akwai zanen ruwa. Ka tambayi manomin da ke kusa ina ruwa ke bi in an yi mamako. Shi ba ya da kamasho a cinikin, zai gaya maka gaskiya.

Ka tambayi fanfo da wuta. "Suna tafe" ba amsa ba ce. Ina turken Nijelek na ƙarshe, ina bututun ruwa ya tsaya, wa zai biya a jawo? Da yawa sun tare suna sayen ruwa a kura shekara da shekaru. Kuma ka yi lissafin hanya: in kai da yara kuna kashe jika guda a rana wajen kabu-kabu zuwa kasuwa da lakwal, jika 30 ke nan a wata, jika 360 a shekara. Sa wannan a kan kuɗin gidan ka ga ko arahar na nan.

Akwai abin da ya shafe mu mu na bakin iyaka fiye da kowa. Da yawanku da naira kuke samu, gidan kuwa da sefa za ku biya. Sefa a ɗaure take da yuro, naira kuwa kun ga faɗuwar da ta yi a 2016. A Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyaka, kasuwar Ɗan Isa da ta Ƙonni kowa ya san halin da suka shiga. Kamfani ba ruwansa da an rufe iyaka. Ka sa a karanta maka sharaɗin da ya ce me zai faru in ka kasa biya wata uku. A takardun da suka biyo ta hannuna, wannan layin ne kullum ake rubutawa da ƙananan baƙaƙe. A ganina gara fili mai cikakkiyar takarda, ka kewaye, ka yi ɗaki biyu, ka ƙara in Allah ya hore, da gidan hoto da ba a aza ko bulo ɗaya ba. Wannan cinikin biri a sama ne.

Me ya kawo wannan magana cikin takardar zaɓe? Saboda yankan fili aikin hukuma ne. A kowace taswira ana ware wurin makaranta, asibiti, kasuwa da maƙabarta. Ka zaga sabbin unguwanni ka nemi wuraren nan, ka ga nawa suka rage ba a yanka wa masu hannu da shuni ba. Dajin da aka shuka ya kewaye Yamai tun 1965 ma bai tsira ba. A 2016 masu mulki sun yi alkawarin gidaje 25,000 na masu ƙaramin ƙarfi, an buɗe bankin gidaje a 2018. Ka ƙirga cikin danginka da abokanka mutum nawa suka karɓi makulli.

Ranar Lahadi 13 ga Disamba 2020 aka zaɓi kansiloli, su kuma suka zaɓi magajin gari, wanda hannunsa ke hawa takardar fili. Duk ɗan takarar da ya zo ƙofar gidanka, har da namu, ka tsayar da shi kafin ya miƙa maka hula da atamfa. Zai manna taswirar kowane yanka a bangon ma'aikata kowa ya gani? Zai bar talaka ya duba rajista ba tare da ya ba da na goro ba? Manomin da aka ɗauke wa gona, fili nawa za a ba shi, kuma a rubuce? Ka sa ya amsa a gaban mutanen unguwa.

Wanda ke da takardar fili ko ta gida da bai gane ba, ya kawo ofishinmu bayan la'asar, ko wace jam'iyya yake yi. Zan karanta masa kyauta, sa'an nan in raka shi a buɗe rajista.