Tsadar Kaya Da Masu Sana'ar Tsofaffin Na'urorin Gem A Kudancin Kano

A wannan mako muna so mu duba wata sana'a wadda manya da yawa ba su ɗauke ta a bakin kome ba, wato sayar da tsofaffin na'urorin wasan talabijin, waɗanda yara suke kira gem, da kuma buɗe ɗakin da ake biya a buga. Wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Kwanar Dangora ta ratsa Tudun Wada zuwa Doguwa, ko kuwa ya shiga Tiga, Bebeji da Kiru da maraice, ya san irin ɗakin da muke nufi: benci biyu, talabijin ɗaya ko biyu, ɗan janareto yana kuka a waje, yara kuma sun cika ƙofa suna jiran layi ya zo kansu. Masu waɗannan ɗakuna da masu kawo musu kaya suna cikin matsi a yau. Ya kuwa kamata mu san dalili, gama da masu ɗakin da masu bugawa duk 'ya'yanmu ne.

Bari mu fara da yadda kayan suke zuwa hannunmu. Daga ƙasashen waje ake kawo su. Kamfanin Sony na Japan ya fitar da PlayStation ta farko a 1994, sa'an nan ta biyu, wadda ake kira PS2, a shekara ta 2000. An sayar da PS2 fiye da miliyan 155 a duniya, ita ce kuwa ta daɗe tana riƙe da ɗakunan gem na ƙasarmu. Sa'ad da mutanen Turai da Amurka suka koma kan sababbi, sai tsofaffin suka biyo jirgin ruwa tare da firji da talabijin na hannu, suka sauka a Legas, suka shiga kasuwar Alaba. Daga can ake ɗauko su zuwa Sabon Gari a Kano, daga nan kuma saurayi ya sayo ɗaya ko biyu ya kawo ƙauye. Arha ce ta sa sana'ar ta yiwu. Yaron da ya gama sakandare bai sami aiki ba, in ya sayar da 'yan buhunan masara ko akuya biyu, yana iya kafa ɗaki ya riƙa samun na sabulu. Arhar nan ce ta tafi, abubuwa uku ne kuma suka kore ta.

Na fari shi ne faɗuwar darajar naira. A watan Yuni na 2023 gwamnati ta sakar wa kasuwa farashin dala. Dalar da ake lissafawa wajen naira 460 a farashin gwamnati ta wuce naira 1,500 a cikin 2024. Mu ɗauki misali mai sauƙi. In kaya ya ci dala 50 a inda aka sayo shi, a tsohon lissafi naira 23,000 ke nan, a sabon lissafi kuwa naira 75,000, ba a ma sa kuɗin jirgi da na kwastan da na mota daga Legas ba. Na'urar ita ce dai ta jiya, ta ma ƙara tsufa, kuɗinta kuwa ya ninka sau uku. Haka abin yake ga fad, wato abin da ake riƙewa a hannu ana dannawa, wanda shi ne ya fi saurin lalacewa a ɗakin da yara da yawa suke bugawa.

Na biyu, kayan da kansu suna ƙarewa. Sony ya daina ƙera PS2 tun farkon 2013. Kamfanin Sega, mai na'urar da yaran shekarun 1990 suka tashi da ita, ya bar ƙera na'urori tun 2001. Kowace na'urar da ta mutu, ta tafi ke nan, babu wadda za ta maye gurbinta daga masana'anta. Daɗin daɗawa, a ƙasashen da suke turo mana kayan, abin da a dā ake zubarwa ya zama abin tarawa. Waɗanda suka buga wasannin nan suna yara sun girma sun yi kuɗi, suna neman abin da zai tuna musu da ƙuruciya. A watan Yuli na 2021 an yi gwanjon kaset ɗaya na wasan Super Mario 64, wanda ba a taɓa buɗe kwalinsa ba, a kan dala miliyan ɗaya da dubu 560 a Amurka. A 2023 kuma wata cibiyar adana tarihin wasannin bidiyo a can Amurka ta bayyana cewa kashi 87 cikin ɗari na tsofaffin wasannin da aka fitar a ƙasar ba a samunsu sababbi a kasuwa. Saboda haka ɗan kasuwar Alaba yana gasa da masu dala a kan kaya ɗaya.

Har wa yau, sababbin na'urori ba sa sauka kamar yadda aka saba. A dā, in sabuwa ta yi shekara uku ko huɗu sai a rage kuɗinta, masu tsohuwa su sake ta da arha. PS5 kuwa, wadda ta fito a 2020, ƙara mata kuɗi aka yi a ƙasashe da dama a 2022, aka sake ƙarawa a 2025. In sabuwa ta yi tsada, mai tsohuwa sai ya riƙe abinsa, kasuwar kayan hannu ta bushe. Ko a Ingila, babban kamfanin shagunan gem mai suna GAME ya daina karɓar tsofaffin wasanni daga hannun jama'a a farkon 2024.

Na uku shi ne wuta da man fetur. Ɗakin gem ba ya aiki sai da lantarki, mutanen karkara kuwa sun san sau nawa ake kawo wuta a mako. Janareto ne abin dogara. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, ko da yake ta ɗan sauko daga baya, ba ta koma kusa da inda take ba. A watan Oktoba na 2024 kuma yawancin jihohin Arewa, har da Kano, sun yi fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Mai ɗaki a irin wannan lokaci, ko ya rufe, ko ya ƙona ribarsa a cikin tanki.

Wani zai ce, to, ya ƙara kuɗin bugawa mana. Nan ne gizo ke saƙa. Masu bugawa yara ne da samari, kuɗin hannunsu canjin aike ne ko ladan ɗan aikin gona. Ƙasarmu ta manoma ce. Kuɗi suna shigowa ne da kaka, ko lokacin da masu noman rani, waɗanda suke amfana da ruwan madatsar Tiga tun da aka gina ta a zamanin Gwamna Audu Bako, suka kwashe amfaninsu. Bayan wannan sai lokacin Salla da Kirsimeti da hutun makaranta. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Gidan da ake lissafin kwanon masara ba ya ba yaro kuɗin gem. Ga kuma wayar hannu. Tun 2021 kamfanin Konami ya mayar da wasan ƙwallonsa, wanda aka sani da PES, ya zama eFootball, ana sauke shi kyauta. Saurayin da ya mallaki babbar waya ba lalle ne ya sake zuwa benci ba.

Mun san akwai iyaye da malamai da za su ce gara haka, a rufe ɗakunan kowa ya huta. Ba mu raina maganarsu ba. Akwai yaran da suke tsallake makaranta su kwana a gaban talabijin, akwai masu ɗauke canjin iyayensu, akwai kuma wasannin da babu kome a cikinsu sai duka da jini. Amma mu tambayi kanmu ina saurayin nan zai nufa in ya rufe ɗakinsa, ina kuma yaran za su koma. Abin da ya fi kusa da hannu shi ne cacar ƙwallo, gama talabijin da benci da masu son ƙwallo duk suna nan, ribarta kuma ta fi saurin zuwa. Hukumar Hisbah ta rufe shagunan caca da dama a birnin Kano a watan Oktoba na 2024, amma cacar da ke cikin waya babu ƙofar da za a garƙame mata. Ɗakin gem, kome aibinsa, a fili yake, uba yana iya leƙawa ya kamo ɗansa.

Saboda haka muna da 'yan shawarwari. Ga masu sana'ar, gyara ya fi saye a wannan zamani. Abin da ya fi mutuwa a tsohuwar na'ura shi ne idon da ke karanta faifai, da maɓallan fad, da ɓangaren da ke karɓar wuta, duk kuwa ana gyara su. Wanda ya je Kano ya zauna wajen mai gyara ya koya, ya sami sana'a ta biyu, gama hannun da ya iya wannan ba zai kasa gyaran waya da rediyo ba. Masu ɗakuna su haɗa kai su yi adashi, su aiki mutum ɗaya ya sayo kayan gyara na kowa, a rage kuɗin mota. Wanda ya sami hali ya sa sola, ya haɗa da cajin waya, domin ɗaki ɗaya ya ci ta hanya biyu. Kada kuma labarin miliyoyin dala ya ruɗi kowa. Wancan kuɗi na kaya ne na asali da ba a taɓa buɗewa ba, faya-fayan da suke yawo a kasuwanninmu kuwa yawanci kwafi ne.

Ga masu sayarwa, tsada ba ta halatta ha'inci ba. Sayar wa yaron ƙauye na'urar da aka san ba za ta yi wata guda ba, cin jarinsa ne gaba ɗaya. A jona ta a gabansa, a gaya masa lahaninta, a kuma ba shi 'yan kwanakin da zai iya dawowa da ita.

Ga iyaye da dattawan gari, maimakon tsinuwa daga nesa, mu zauna da masu ɗakunan mu yi yarjejeniya: ba a buɗewa lokacin makaranta, ba a barin ƙananan yara bayan duhu ya yi, ba a sa kuɗi a kan wasa. Ƙungiyoyin matasa da na mata masu ba da ɗan rance su riƙa tunawa da irin waɗannan samari, musamman wanda yake neman kuɗin koyon gyara. Farashin dala da na mai ba a hannunmu suke ba. Amma saurayin da yake ƙoƙarin cin guminsa a Tiga ko Doguwa maƙwabcinmu ne, in mun taimake shi ya tsaya da ƙafarsa, mun rage mutum ɗaya a cikin masu zaman kashe wando a bakin tasha.