Uwa, Wane Dogon Labari Ɗanki Ke Karantawa?



Yau hirarmu a kan dogayen labaran nan ne na jarumai da matsafa da dodanni, waɗanda ake fitarwa littafi bayan littafi. Wataƙila kin ga ɗanki ya duƙufa a kansu, na Turanci ko namu littattafan yaƙi, har tuwonsa ya huce.

Kada ki yi saurin ƙwacewa, 'yar uwa, akwai alheri a ciki. Yaron da ya iya bin labari mai ɗaruruwan mutane, ya riƙe sunayensu da garuruwansu, ya koyi haƙuri da naci, harshensa kuma zai buɗe. Tsawon labarin ne ke ba shi damar ganin yadda jarumi ke girma, ya yi kuskure, ya girbi abin da ya shuka.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Dubi The Wheel of Time na Robert Jordan, marubuci ɗan Amurka. An fara shi a 1990, ya kai littafi 14, kalmomi sama da miliyan 4. Marubucin ya rasu a 2007 bai kammala ba, sai Brandon Sanderson ne ya ƙarasa ukun ƙarshe, aka rufe a 2013. Masoyansa ma sun koka cewa a tsakiya labarin jan ƙafa yake yi. Ki auna darare nawa ɗalibi zai ƙarar a nan.

Na biyu, ba kowanne ne na yara ba. Jerin George R. R. Martin, wanda aka yi fim ɗin Game of Thrones da shi, cike yake da batsa da zubar da jini. Na biyar ya fito a 2011, masu karatu suka shafe sama da shekara goma suna jiran na shida.

Shawarata, ki tambayi ɗanki sunan littafin, da yawansa, da ko an kammala shi. Ki ce ya ba ki labarin da bakinsa, a nan za ki gane abin da ke ciki, ki kuma tuna masa cewa tsafin ciki ƙage ne. Ki yanka masa lokaci, bayan sallah, Islamiyya da aikin makaranta. Lokacin jarrabawa kuwa, littafi ya jira hutu.

Allah ya shirya mana zuri'a. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.