Gadarif: Kafin a yi maganin ƙari, sai an gan shi

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 ya fara durƙusar da babban asibitin ciwon daji na Khartoum. A Disambar wannan shekara dakarun RSF suka kama Wad Madani, inda cibiyar ciwon daji ta Jami'ar Gezira take. Marasa lafiya da dama suka kwararo gabas zuwa Gadarif, jihar da Hausawa suka daɗe suna zaune suna noma.

An fi maganar ƙarancin magunguna. A ganina, matsalar ta fara tun daga hoto, domin likita ba ya yanka abin da bai san iyakarsa ba.

Na'urar MRI tana bambance ƙari da lafiyayyar tsoka ta hanyar yadda ruwan jiki ke amsa maganaɗisu, amma tana buƙatar lantarki mara yankewa da iskar hiliyam mai sanyaya ta. Sinadarin tekneshiyam da ake hoton ƙashi da shi kuwa, rabin ƙarfinsa yana gushewa cikin sa'o'i 6, ba ya jure doguwar hanya da shingayen sojoji.

Abin da ya fi dacewa da halin Gadarif shi ne sikanin na sauti, irin wanda ake yi wa masu ciki. Yana aiki da batir, yana nuna ko kullutun mama ruwa ne ko tsoka mai tauri, kuma yana jagorantar allura wurin ɗebo samfuri. Sai dai tabbacin sankara yana ɗakin gwaji, don haka masu kawo tallafi su haɗa na'urar da horar da ma'aikata da kayan gwajin.