Filin Kimiyya: Baƙon Dutse Da Labarin Da Yake Ɗauke Da Shi

Ramin da ya fi kowane zurfi da ɗan Adam ya taɓa haƙawa shi ne na Kola, a arewacin Rasha. An fara shi a 1970, ya kai mita 12,262 a 1989, daga nan ya tsaya. Ga shi kuwa kaurin ɓawon duniya a ƙarƙashin nahiyoyi ya kai kilomita 35 zuwa 40. Ashe ke nan duk wannan wahala sulusi kaɗai aka ci. To, yaya masana suka san abin da ke can ƙasa?

Dutse mai aman wuta ne ya yi musu aike. Sa'ad da narkakken dutse ya taso daga ƙarƙashi, yakan ɓamɓaro gutsattsarin bangon da ya ratsa, ya yi sama da su da gaggawa tun ba su narke ba, kamar yadda ruwan kwari ke kwaso tsakuwar wani gari. In aman ya daskare, sai a tarar da su a ciki, launinsu daban. Masana na kiran irin wannan baƙon dutse. Akwai su a tudun Biu, amma galibinsu koraye ne, daga ƙasa da ɓawon suka fito.

Na gindin ɓawon kuwa, irin waɗanda aka tsinta a Kilbourne Hole ta Amurka da arewacin Queensland ta Ostireliya, busassu ne masu nauyi. Da yawansu sun fi duwatsun sama ƙarfe da maganiziyam, kuma yuraniyam da toriyam da fotashiyam, masu haifar da zafi, kaɗan ne a cikinsu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin da shi ake lissafin inda zafin ƙasa yake fitowa.

Sai dai ni ina ganin a yi hattara. Kayan fatake ɗaya ba ya nuna abin da ke kasuwa duka, aman wuta kuma ba ko'ina yake ɓullowa ba. A Ivrea ta Italiya, inda gindin ɓawon ya tuttuɗo fili ana tafiya a kansa, an sami duwatsu da dama waɗanda asalinsu laka ce ta doron ƙasa, ta nitse can ta gasu.